Furen da Mutanen Tuluz ke Tinƙaho da Shi

Yaya, ina gaisuwa. Kin tambayi abin da ke cikin ɗan gwangwanin da na aiko, wai ko magani ne. A'a, fure ne aka lulluɓe da sukari ya bushe. Ki ci abinki.

Sunansa biyolet, Larabawa na ce masa banafsaj. A nan Tuluz, kudancin Faransa, duk kantin tsarabar da kika shiga sai kin tarar da shi: alawa, sabulu, turare, ruwan zaƙi na sirkawa, har shayi. Tun wajen 1850 manoman arewacin garin ke noma shi. Sanyin 1956 ya kusa ƙarar da irin, sai a 1985 aka tashi haiƙan aka farfaɗo da shi. Yanzu duk Fabrairu sai an yi masa biki.

Ni ma kwaɗayi ya ja ni na sayi tukunya ɗaya a wani ƙaton kantin shuke-shuke. Tsafta kam ba a magana, amma da na tambayi yaron kantin yadda ake kula da shi, sai ya nuna mini 'yar takardar da ke soke a ƙasar, ya ƙara gaba. Na kai gida na ajiye a taga, dab da na'urar ɗumama ɗaki, wai ni mai tausayi. Kafin sati biyu ganyen ya yi yaushi ya mutu.

Wata tsohuwa a kasuwar Lahadi ce ta warware mini. Tata tukunyar ba ado, ba takarda, kuɗinta ma bai kai na kanti ba, amma ta tsayar da ni kusan rabin awa. Ta ce shukar nan ba ta ƙaunar zafi; inuwa take so, da ƙasa mai laima wadda ruwa ba ya kwanciya, irin ta gindin itace inda ganye ke ruɓewa. Ta kuma bambance mini iri biyu. Na Tuluz furensa ninki-ninki ne, ba ya yin 'ya'ya, sai dai a yanki reshe a dasa. Na daji kuwa ɓangaren furensa biyar ne kacal, shunayya, ganyensa da siffar zuciya, tsawonsa ko taƙi ɗaya bai kai ba. Yaɗo yake yi a ƙasa, duk inda ya taɓa ya kafa saiwa, shi ya sa shekara da shekaru ba a sake shukawa. Idan zafi ya shigo yakan fitar da wasu ƙananan furanni da ba sa buɗewa sam, su ne ke cika da iri. Tururuwa ke kwashe irin saboda ɗan maiƙon da ke maƙale a jikinsa, su cinye maiƙon su yar da ƙwayar, ta tsiro a can. Ikon Allah.

A Maris na gan shi da idona a gindin wani shinge, kyauta. Na durƙusa na shinshina, ƙamshin ya daki hancina, kafin in sake jan numfashi ya ɓace ɓat. Ashe sinadarin da ke cikinsa, iyonon, shi ke kashe jin ƙamshi na ɗan lokaci, sannan ya dawo.

Kuma tun 1893 wasu Jamusawa biyu, Tiemann da Krüger, suka iya haɗa sinadarin nan ba tare da furen ba. To, yawancin turaren da ake jerawa da hoton biyolet a kwalba ko fure ɗaya bai shiga ciki ba. Shi ya sa ban saya miki ba, kada ki ce na yi rowa.

An daɗe ana dafa furen da sukari don tari. Saiwar ce ba a ci, amai take sawa. Tukunyar tsohuwa tana nan a baranda ta ɓangaren inuwa, jiya na ƙirga fure bakwai.