Tasi mai mita ko Grab: amsa ga mai zuwa sarin kaya Bangkok

Alhaji, ka ce masaukinka a Pratunam yake, unguwar kasuwar sarin tufafi a Bangkok, kana son sanin wanda ya fi tsakanin tasi mai mita da Grab, manhajar kiran mota ta waya. A lissafi tasi ta fi arha, amma sai in direba ya yarda ya kunna mita, kuma nan ne gizo ke saƙa.

Farashin tasi gwamnati ce ta yanka. Tun 2023 mita na farawa da baht (kuɗin Thailand) 35 a kilomita ta farko, daga nan baht 6.5 kowace kilomita har ta 10, sai baht 7 har ta 20. In goslo ya kama ku, mota na tafiya ƙasa da kilomita 6 a awa, sai mita ta koma ƙirga lokaci, baht 3 duk minti. Wato zaman awa guda a Titin Phetchaburi da ya ratsa Pratunam baht 180 ne, ba ka motsa ko'ina ba. Motar da babu fasinja za ka ga ɗan rubutu mai haske a gilashin gaba, "wang" ke nan da yarensu. Kafin ka shiga, leƙa ta taga ka faɗi inda za ka, ka ce "mita". In ya girgiza kai ko ya yanka maka kuɗi, rabu da shi ka tsayar da wata. Waɗanda ke fake a bakin otal da ƙofar kasuwa su ne suka fi ƙin mita, gara ka taka gaba kaɗan ka tare mai wucewa. Da la'asar sakaliya kuma da yawa za su ƙi ka, ba wulaƙanci ba ne, motar haya ce za su mayar wa mai karɓar aikin dare. Lambar kai ƙara 1584 ce.

Grab, wanda ya gaji Uber a ƙasar a 2018, kuɗin na fitowa a waya kafin ka hau, ba ciniki, ba faman bayyana adireshi ga wanda ba ya jin Turanci. Aibinsa biyu. Da hadari ya haɗu ko an tashi daga aiki farashi ke hawa. Sannan in ka sa alamar ɗauka a ɗaya hannun titi, direba sai ya yi doguwar tafiya kafin ya sami wurin juyawa. A tuna hagu suke tuƙi. Ga mai dila biyu uku na kaya, Grab ya fi, don kana iya zaɓar babbar mota. Tasi da yawa tukunyar gas ta cinye rabin but.

Daga filin jirgin Suvarnabhumi kuwa tasi ba ta da matsala: sauka hawa na ɗaya, ciri tikiti a na'ura, ka biya abin da mita ta nuna da ƙarin baht 50. Kuɗin babbar hanya daga aljihunka ne, ko a tasi ko a Grab, don haka riƙe canji.

Sai dai daga ƙarfe 4 zuwa 8 na yamma duk biyun a layi ɗaya suke tsaye. In jakarka ɗaya ce, jirgin ƙasan filin jirgi zai sauke ka tashar Ratchaprarop cikin kusan rabin awa, daga nan ƙafa ta isa Pratunam. Zuwa kasuwar Bobae, kwale-kwalen mashigin Saen Saep ya fi kowace mota sauri, illa ruwan na wari kuma yana fantsama. 'Yan acaba masu riga ruwan lemo na da amfani a gajeriyar tafiya, a shirya kuɗi tukuna. Tuk-tuk, ɗan'uwan A Daidaita Sahu, ba shi da mita, sau da yawa ya fi tasi tsada, kuma wanda ya ce baht 20 zai zaga da kai gari, shagon tela ko na duwatsun ado zai kai ka ya karɓi la'adarsa.