Gwajin ruwan ciki a Kumasi: abin da ɗakin gwajin ya iya gani da inda ya tsaya

Duk wanda likita ya zuƙo wa ɗan'uwansa ruwa daga ciki ya ce a kai gwajin ƙwayoyin halitta, wanda suke kira saitoloji, zan iya nuna masa ɗakin gwajin da muka yi hulɗa da shi a wajen Bantama. Aikinsu yana da kyau. Sai dai akwai ƙorafi, kuma zan faɗe shi.

Yayata ce ba lafiya, mace mai shekara arba'in da 'yan kai, tana sayar da atamfa a kasuwar Kejetia. Cikinta ya riƙa tasowa a hankali, hoton sikan ya nuna ruwa. A nan ƙasar, in aka ga ruwa a cikin mace, abu uku likita ke fara zargi: ciwon hanta nau'in B da ya lalata hantar, tibi na ciki, ko kansar ƙwan mace. Gwajin hanta ya fito lafiya, na tibi ma haka. A unguwar Aboabo kuwa tuni mata sun yanke hukunci cewa sammu ne, har da masu kawo rubutun sha. Mun karɓa, mun gode, muka wuce ɗakin gwaji.

Abin da ya fara burge ni shi ne ba su karɓi 'yar kwalbar da aka ba mu sun yi shiru ba. Ma'aikaciyar ta ce ruwan ya yi kaɗan, a koma a ƙaro kamar mililita 100, a kawo da wuri, in za a jinkirta a sa a firji amma kada ya daskare. Dalilin shi ne suna juya ruwan a inji har ƙwayoyin su kwanta a ƙasa, sannan su daskarar da su cikin kaki, su yanka siri-siri, su ɗora a kan gilasai, su shafa musu rini iri-iri a duba a maikuroskof. In ruwa ya yi kaɗan, ba abin da za a daskarar.

Sakamakon ya ce an ga ƙwayoyin tantanin da ya lulluɓe hanji da bangon ciki, sun taru curi-curi kamar 'yan yatsu, kamanninsu a natse, ba alamar saurin rabuwa. Rini biyu, kalretinin da WT1, sun kama, wani rinin da ke kama ƙwayoyin kansar ƙwan mace da ta hanji kuma bai kama ba. Wannan ya nuna daga tantanin suke. An kuma yi gwajin BAP1, wani furotin da ke cikin ƙwaya, wanda aka tura Accra. Ɓacewar BAP1 daga ƙwaya babbar alama ce ta muguwar mesoteliyoma, wato kansar wannan tantanin, a na Yaya kuwa yana nan. Amma likitan ɗakin gwajin ya rubuta ƙarara cewa kasancewarsa ba ta wanke mutum gaba ɗaya, a ɗebo tsoka a duba.

Nan ne na yarda da mutumin. Da wani ne, sai ya rubuta mana suna ɗaya mu tafi, ko da murna ko da kuka. Yaya ta ce masa, "Dakta, ka faɗa min gaskiya, kansa ce ko ba ita ba ce?" Ya ce, "Hajiya, ganyen da ya faɗo a rijiya zai nuna miki irin bishiyar, ba zai nuna miki inda saiwarta ta kai ba." Abin da ke raba tsiron tantani mai laushi da muguwar mesoteliyoma shi ne ko ƙwayoyin sun kutsa cikin naman da ke ƙarƙashinsu, kuma ƙwayar da ke yawo a ruwa ba ta da ƙarƙashi. Hatta tantanin da ya fusata saboda kumburi kawai yakan zubar da ƙwayoyi masu wannan kama.

An yi mata aikin leƙa ciki da kyamara ta 'yar huda, aka ga ƙananan tsiro a tantanin, aka ɗebo. Tsokar ta tabbatar da cewa tsiron mai laushin ne, nau'i mai tafiyar hawainiya, wanda ba kasafai ake ganinsa ba. Ya fi samun mata, ya fi fitowa a ciki, kuma sau da yawa ana cin karo da shi ne yayin wata tiyata daban. A rabe-raben Hukumar Lafiya ta Duniya na 2021 ma an raba shi da muguwar mesoteliyoma, wadda ke bin shaƙar ƙurar asbestos bayan shekara 20 zuwa 50. Likitan ya tambaye mu ko ta taɓa zama a gida mai tsohon rufin asbestos, irin wanda har yau ake gani a tsofaffin gine-ginen gwamnati, amma ya ce alaƙar wannan nau'in da asbestos ba ta tabbata ba.

Ƙorafina biyu ne. Ranar da suka ce sakamako zai fito ta wuce, ba wanda ya buga waya, mu ne muka yi ta sintiri a trotro, alhali kuɗin rinin nan tuni mun tura ta MoMo, kuma ba ƙananan kuɗi ba ne. Na biyun ya fi ci min rai. Takardar da Turancin likitoci zalla take, an miƙo ta a ambulan ta taga, ba mai cewa uffan. Ɗan Yaya ya buga sunan cutar a waya a daren nan, abin da ya fito duk labarin muguwar ce da tallan lauyoyin Amurka, gidan ya kwana ba barci. Sai da na nace washegari aka haɗa mu da likitan. Wurin da ke hidima ga mutanen Zango ya kamata ya ajiye mai bayani da Hausa ko Tuwi, kuma kada a saki irin wannan takarda hannu ba magana.

Yanzu Yaya ba ta kan maganin kansa, ana bibiyarta ne da sikan lokaci-lokaci, domin jefi-jefi abin yakan dawo ko ya sauya hali. Da muka tambaya, sun ce kakin da gilasan suna ajiye da lambarta, duk likitan da ke son sake dubawa zai iya nema a rubuce. In ka je, ka karɓi wannan lambar kafin ka bar tagar.