Gyadar pinto: sharhina bayan ta ci damina da rani a lambuna

Masu tambayata wai wace shuka ce ta rufe min ƙasan bishiyoyi kamar an shimfiɗa darduma, to gyadar pinto ce, sunanta na kimiyya Arachis pintoi. Asalinta daga Brazil take, 'yar uwar gyada ce sak, ganye huɗu-huɗu, da daddare sai ta naɗe su ta kwanta, sai dai ita ba don ci ake shuka ta ba, yaɗo take yi tana kafa saiwa a duk gaɓar da ta taɓa ƙasa, ga ƙananan furanni ruwan ɗorawa da suke buɗewa da safe.

Abin da ya sa na neme ta shi ne ƙasan bishiyoyin nan ciyawar ado ta ƙi, inuwa ta yi mata yawa, ruwa na sauka wajen ya zama caɓi, ƙasa tana ta zaizayewa har saiwar bishiya ta fito fili. Ita kuwa pinto inuwa ba ta dame ta ba, kodayake gaskiya inda rana take bugawa fure ya fi yawa.

Amma fa in kai mai gaggawa ne kar ma ka fara. Reshe na yanka na dasa, tazarar kamar taku ɗaya, na binne gaɓa biyu zuwa uku, kuma watannin farko wallahi sai ka rantse ta mutu, tana nan zaune ba ta gaba ba ta baya, ciyayi kuma suna ta fitowa a tsakani kana cira da hannu don fartanya za ta datse mata yaɗo, ga ban ruwa kullum in ba damina ba. Nan ne mutane suke karaya su ce an cuce su. Ashe a ƙasa take aikinta. Da ta kama kam sai rassan suka haɗe, cirar ciyawa ta koma sai jefi-jefi.

Taki ma ba ta cika nema ba. Na tuge ɗaya don in gani, sai ga ƙananan ƙulle-ƙulle a jikin saiwar, a nan ƙwayoyin bakteriya suke zama suna jawo nitrojin, wato sinadarin da shuka take samu a taki, daga iska, irin yadda wake yake yi. Tsayinta bai cika wuce santimita 20 ba, don haka yanka sai ka ga dama.

Inda ta ban haushi biyu ne. Na farko ba ta san iyaka ba, ta haye kan hanya, ta shiga gadon furanni, in ba ka sa bulo ko kana bin gefen da almakashi ba sai ta cinye ƙananan shuke-shuke. Kuma da yake 'ya'yanta a cikin ƙasa take binnewa, ranar da ka ce ka gaji za ka cire ta akwai aiki, sai ta sake tsirowa. Na biyu ɓeraye, suna tono don neman 'ya'yan, da safe ka tarar da ramuka nan da can.

Rani ya yi tsanani ta zubar da ganye ta yi wani iri, na ɗauka shi ke nan, ruwa na sauka ta dawo. Taka ta sama-sama ba matsala, amma inda ake bi kullum sai ta yi sanƙo, can na jera duwatsun takawa.

Ni dai na ba ta huɗu cikin biyar. Ƙasan bishiya ko gangare, eh. Kusa da gadon ƙananan furanni kuwa sai da shinge, in ba haka ba kar ka kai ta.