Fitilar tangaran ɗin da na saya a Jos, da rana ba ta burge kowa

Wata biyu kenan ina amfani da fitilar nan, sai yanzu na ga ya dace in faɗi ra'ayina tunda mutane suna ta tambayata a ina na samo.

Wani ɗan shago ne na masu aikin yumɓu nan cikin Jos, ba zan faɗi suna ba saboda akwai ƙorafi a gaba. Tukunyar fulawa na shiga saya, sai matar shagon ta ce "Hajiya zo ki ga wani abu", ta ja ni lungu ta kashe wuta ta kunna wani farin abu mai kamar ƙwarya a kife. Wallahi sai da na ce subhanallah. Ganyen gwanda ne ya fito ɓaro-ɓaro, har jijiyoyinsa ƙanana, kamar ka ɗaga ɗanyen ganye ka kalli rana ta cikinsa.

Ba fenti ba ne fa, ni ma na ɗauka fenti ne. Ta ce ganyen gaske ake dannawa a jikin yumɓun tun yana ɗanye sannan a bi shi da 'yar wuƙa ana kankarewa, inda aka bar kauri sai ya yi duhu, inda aka sirance haske ya ratsa, wato zanen gaba ɗaya kauri da siranta ne kawai. Kuma ba jan yumɓun tukunyar ruwa ba ne, farar ƙasa ce da ake kira kawolin, irin wadda ake haƙa a Ƙanƙara ta jihar Katsina, a haɗa ta da garin wasu duwatsu a gasa a tanderu da zafin da ya wuce digiri 1,200 har jikin ya kusa zama gilashi, shi ya sa haske ke wucewa. 'Yan Chana ne suka fara wannan sana'a ta tangaran, garin Jingdezhen har yau da ita aka san shi. In ka ƙyasta bakinta da farce sai ka ji ƙara siririya kamar ƙararrawa.

Mu nan tukwane ba baƙonmu ba ne, ga Ladi Kwali, shahararriyar mai ginin tukwane, a bayan naira 20, ga ɗakin tukwane a gidan tarihin Jos da aka buɗe tun 1952, amma namu duk masu nauyi ne, ado a waje. Wannan kuwa adonta sai wuta ta shiga ciki.

Shi ya sa da rana ba ta da wani armashi, fara fat kamar kwanon shan fura. Da na kawo ta gida Inna ta juya ta ta ce "yanzu wannan faɗi-ka-mutun kika zuba wa kuɗi?" don gaskiya kuɗinta ya kusa rabin buhun shinkafa. Bayan isha'i na kunna mata, ba ta ce komai ba, amma washegari ita ta hana yara shiga ɗakin da ƙwallo.

Ƙorafina kuma, ƙwan da suka sa mata fari ne tas irin na asibiti, ya kashe kyan ganyen, sai da na canza mai ruwan ɗorawa sannan ta dawo yadda na gan ta a shago. Wayar ma gajera ce, dole sai da na nemo ƙari. Naɗin da suka yi mata kuwa abin haushi, jarida biyu da leda, abu mai sirantar ɓawon ƙwai, a Keke Napep rungume ta na yi kamar jaririya har Rikkos. Da na koma na yi magana an ba ni haƙuri, amma ba kwali har yanzu.

Sai ƙurar hunturu, tana maƙalewa cikin jijiyoyin ganyen, in ka kunna sai ka ga ɗigo-ɗigo. Burushin kwalliya mai laushi nake bi da shi duk Juma'a, tsumma ba ya shiga.

In mai yara ƙanana ce ke, ki tanadi wuri mai tsawo kafin ki saya. Akwai wata mai siffar furen kabewa da na gani, na ce wa matar shagon ta ajiye min zuwa ƙarshen wata, da sharaɗin ni zan zo da kwalina.