Kwas ɗin aikin jirgin ruwa: wanne za ka biya, wanne za ka bari tukuna?

Bayan la'asar ɗan yayata ya same ni a shago, nan Titin Bauchi, da waya a hannu. Ya ce, "Kawu, duba wannan tallan. Kwas tara a dunƙule, da satifiket na duniya, kuma sun ce su za su nema wa mutum jirgi." Mahaifiyarsa har ta riga ta yi niyyar ɗaukar adashenta ta biya. Na yi shekaru ina aiki a ɗakin injin jiragen da ke kai kaya rijiyoyin mai daga tashar Onne kafin in dawo gida Jos, shi ya sa aka turo shi wurina. Na tambaye shi, "Wane irin jirgi kake son hawa, kuma wane aiki za ka yi a cikinsa?" Ya yi shiru. Wannan shirun ne yake cin kuɗin yaranmu, domin kowane satifiket a harkar teku na wani aiki ne takamaimai. Wanda ya saya bai san aikin da yake nema ba, cinikin biri a sama ya yi.

Kafin a kai ga maganar makaranta, akwai matakin da ya fi kowanne araha, kuma shi ake tsallakewa: gwajin lafiya. Babu mai hawa jirgin kasuwanci sai da takardar lafiyar ma'aikacin teku, daga likitan da NIMASA, hukumar kula da sufurin teku ta Najeriya, ta amince da shi. Takardar babban asibitin garinku, komai girmansa, ba ta maye gurbinta. Tana aiki shekara 2, ga wanda bai kai 18 ba kuwa shekara 1. Za a duba ji da gani, da kuma ko kana bambance launi. Jirgi da dare yana ɗauke da jar fitila a hagu da koriya a dama, da su ake gane inda wani jirgin ya dosa. Akwai mazan da ba sa rabe ja da kore, kuma ba su taɓa sani ba sai ranar gwaji. Irin wannan mutum ba zai yi gadi a ɗakin tuƙi ba ko da ya tara takardu cike da jaka. Na ga wanda ya gano haka bayan ya gama biyan komai. Ka fara da likita.

Daga nan sai tushen duka, wanda ma'aikata ke kira "besik", wato horon farko. Ya fito daga yarjejeniyar STCW kan horar da ma'aikatan teku, wadda Hukumar Kula da Sufurin Teku ta Duniya, IMO, mai hedikwata a Landan, ta amince da ita a 1978. An yi mata babban gyara a 1995, aka sake wani a birnin Manila a 2010. Ba ruwanta da muƙaminka: kyaftin, makaniki, mai walda, kuku, duk wanda ke da aiki a jirgin teku sai ya yi horon farko. Kashi huɗu ne: tsira da rai a ruwa, rigakafi da kashe gobara, taimakon gaggawa, da kiyaye kai da zama da abokan aiki. Na ƙarshen an faɗaɗa shi daga 1 ga Janairun 2026, aka sa masa darasi kan hana cin zali da cin zarafin mata da maza a cikin jirgi. Ana haɗa su da ɗan gajeren kwas na sanin tsaro, wanda ba abin rainawa ba ne ga mai aiki a Mashigin Gini, inda 'yan fashin teku suka daɗe suna ɗauke ma'aikata. Duka yakan ci kamar mako guda.

A nan ne ake bambance makarantar gaskiya da shagon buga takarda. Ƙa'idar ba ta ce a ba ka labarin ruwa ba. Ta ce ka sa rigar ceto ka yi tsalle daga sama zuwa cikin ruwa, ka yi iyo da ita, ka iya zama a saman ruwa ba tare da ita ba, ka hau kwale-kwalen roba daga cikin ruwa, kuma in ya kife ka mayar da shi daidai. A ɓangaren wuta, sai ka riƙe tukunyar kashe gobara da mesa ka kashe wuta ta gaske, ka goya tukunyar iska ka shiga ɗaki mai cike da hayaƙi ka lalubo wanda ya faɗi. Dalilin wannan tsanani a fili yake. In gobara ta tashi a Kasuwar Katako ana iya kiran 'yan kwana-kwana, jama'a ma su kawo ɗauki. A tsakiyar teku ku ne 'yan kwana-kwanan, ku ne asibitin, kuma ƙarƙashin ƙafarku akwai tankokin mai. Saboda haka duk makarantar da ta ce za ta gama maka horon farko ta waya kana kwance a Rikkos, ko a wani zauren otal da majigi, rufe maganarta. Wasu ƙasashe suna yarda a yi darussan karatu zalla ta intanet, kamar na sanin tsaro, amma ruwa da wuta sai jiki ya taɓa. Kafin ka tura ko sisi, ka ce su nuna maka tafkinsu da filin wutarsu, ka nemi shaidar amincewar NIMASA a kan wannan kwas ɗin da sunansa, domin ana iya amince wa makaranta ta koyar da wani kwas ba a amince mata da wani ba. Sannan ka tabbatar daga hukumar da kanta. Araha ba ta ado, a wannan harkar kuwa tana iya cin rai.

Abu biyu sun shafe mu musamman, mu 'yan tudu. Na farko iyo. Yawancin yaran Jos an tashe su da gargaɗin kada su kusanci kududdufan da haƙar kuza ta bari, kuma iyaye sun yi gaskiya, waɗannan ramukan sun ci mutane da yawa. Sakamakon shi ne saurayi ya kai shekara 25 ruwa bai taɓa wuce masa gwiwa ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ka samu wurin iyo na otal ko na kulob mai malami, ka yi makonni kana koyo har tsoro ya sake ka, kada ka je kududdufi. Na biyu gemu. Abin rufe fuska na tukunyar iska yana buƙatar ya manne da fata, in gashi ya shiga tsakani hayaƙi yana iya kutsawa. Wasu makarantu da kamfanoni sukan ce a aske ko a rage. Ga wanda ya ajiye gemu don sunna wannan ba ƙaramar magana ba ce, kuma ya fi kyau ya ji ta tun yana gida, ya yi shawara da malaminsa, da a ce ya ji ta a bakin filin wuta bayan ya biya.

Sai rikicin da ya fi yawa: STCW ko BOSIET? Ba ɗaya ba ne, kuma ɗaya ba ya biyan bashin ɗaya. BOSIET na masu aiki ne a kan dandamalin haƙar mai a teku, ƙungiyar OPITO ta masana'antar mai ce ke tsara shi. Abin da ya fi fice a cikinsa shi ne horon kuɓuta daga jirgi mai saukar ungulu: a ɗaure ka a kujera cikin wani akwati, a nutsar da shi, a juya shi, ka kwance ɗamara ka fita ta taga. Yana aiki shekara 4, kuma ya fi horon farko na STCW tsada. In jirgin ruwa kake nema, STCW ne naka. In kamfanin da ke kwangila a rijiyar mai ya ɗauke ka a matsayin mai walda ko mai gyaran lantarki, BOSIET za su nema. Akwai masu aikin jirgin da ake buƙatar su riƙe duka biyun saboda ta sama ake kai su wurin aiki, amma wannan kamfani ne zai faɗa maka, sau da yawa ma shi zai biya. Ban ga hikimar saurayi marar aiki ya sayi BOSIET da kuɗin mahaifiyarsa yana jiran tsammani ba, shekarun takardar suna ƙonewa tana cikin akwati.

Haka sauran kwasa-kwasan da ake cusawa cikin dunƙulen. Babban horon kashe gobara na masu jagorantar yaƙi da wuta ne. Na sarrafa kwale-kwalen ceto ma sai ka yi watanni a teku kafin takardarsa ta tabbata. Na rediyon neman agaji a teku, GMDSS, na hafsoshin ɗakin tuƙi ne. Na tanka, wato jirgin dakon mai ko gas, kashi biyu ne, na mai da sinadarai daban, na iskar gas daban, irin wanda masu hawa jiragen da ke lodi a Bonny suke buƙata, kuma yana da amfani ne kawai in tanka ka dosa. Tun gyaran Manila, horon ruwa da na wuta sai an sabunta su duk shekara 5. Ka sayi tara yau, agogon da yawa daga cikinsu ya fara bugawa tare, kai kuwa ko jirgi ba ka taka ba.

Wanda burinsa ya zama hafsa, ba gajeren kwas zai nema ba, makaranta zai shiga. Akwai Kwalejin Horar da Ma'aikatan Teku da ke Oron a Jihar Akwa Ibom, wadda ta fi daɗewa a Najeriya, akwai Jami'ar Teku ta Najeriya a Okerenkoko ta Jihar Delta da ta fara karatu a 2018, akwai kuma jami'ar teku ta ƙasashen yankin da ke Akara a Gana. Amma ka ji wannan da kyau: difloma ko digiri ba shi ne lasisin hafsa ba. Lasisin farko na ɗakin tuƙi yana buƙatar aƙalla wata 12 a teku cikin tsarin horo da aka amince da shi, da littafin da ake sa hannu kan kowane aikin da ka koya, ko kuma wata 36 in ba ta wannan tsarin ka bi ba, sannan jarrabawa. Samun gurbin waɗannan watannin shi ne ƙashin wuyan harkar a Najeriya. Ko shirin horar da ma'aikatan teku na NSDP da NIMASA ta fara a 2008, wanda ya tura ɗalibai ƙasashe irin su Indiya da Filifin da Masar, ya sha fama da wannan matsalar, ɗalibai suka gama karatu suka zauna jiran jirgi. Don haka tambayar da za ka yi wa kowace makaranta ita ce: ɗaliban da suka gama bara, nawa ne suka samu jirgi, kuma a wane kamfani? Ka nemi ka yi magana da ɗaya daga cikinsu. Ka kuma duba ko lasisin da za ka samu a ƙarshe na zirga-zirgar kusa da gaɓa ne ko na kowane teku, domin albashinsu da kasuwarsu ba ɗaya ba ne.

Ni a ganina, ga mafi yawan samarinmu masu sana'a a hannu, hanyar ƙaramin ma'aikaci ta fi kusa. Makaniken da ya san injin dizal daga garejin Farin Gada, ko mai walda, ko wanda ya iya girkin mutane da yawa, yana da abin sayarwa tun kafin satifiket. Ya yi lafiya, ya yi horon farko, ya nemi littafin shaidar aikin teku daga NIMASA, wanda a ciki ake rubuta kowane jirgi da ya hau da kwanakin da ya yi. Bayan wata 6 na aiki da koyo zai iya neman takardar shiga sahun masu gadi a ɗakin injin ko a sama, daga nan a hau a hankali. Dokar zirga-zirgar gaɓar teku ta 2003 ta tanadi cewa jiragen da ke aiki cikin ruwan Najeriya 'yan ƙasa ne za su yi aiki a cikinsu, kuma ɗan Filato ɗan ƙasa ne kamar ɗan Bayelsa. Wanda kuma jirgin kogi yake so, a Neja ko Binuwai, hukumarsa daban ce, NIWA mai hedikwata a Lakwaja.

Game da alƙawarin "za mu nema maka jirgi": yarjejeniyar ƙwadagon teku ta 2006, wadda Najeriya ta rattaba wa hannu a 2013, ta hana dillalan aiki karɓar kuɗi daga ma'aikaci don sama masa gurbi. Abin da ke kanka shi ne kuɗin gwajin lafiya, fasfo, da littafinka. Mai jirgi ne ke biyan dillali. Ni kaina a farkon fitata na ba wani mutum kuɗin da na tara na wata da watanni, ya ce in jira kira, har yau ban sake ganinsa ba. Ba na so ɗan kowa ya ɗanɗani wannan.

In za ka kwatanta farashi, kada ka tsaya kan kuɗin kwas kaɗai. Makarantun suna Legas da Fatakwal da Warri da Oron, duk tafiyar yini guda ce ko fiye daga nan. Ka haɗa kuɗin mota zuwa da dawowa, masauki, abinci, ka tambaya ko kuɗin fitar da satifiket yana ciki, da kuma kwana nawa ake jira kafin ya fito. Makarantar da ta ɗan fi tsada amma tana da ɗakin kwana kusa da tafki tana iya fin wadda za ka riƙa ratsa cunkoson Legas kullum sauƙi. In kana da ɗan'uwa a Agege ko unguwar Hausawa ta Fatakwal, wannan ma lissafi ne.

Ɗan yayata ya je ya yi gwajin lafiya, idonsa lafiya lau. Wata guda ke nan yana zuwa koyon iyo duk Asabar da Lahadi, cikin sanyin Jos, yana dawowa leɓe na rawa. Horon farko kaɗai muka biya, a makarantar da wani tsohon abokin aikina ya je ya ga tafkinta da idonsa. Sauran kuɗin adashen yana hannun Yaya. Jibi da asuba zai hau motar Fatakwal ta Akwanga da Makurɗi, kuma na ce masa ya duba rubutun sunansa da ranar haihuwarsa a kan satifiket ɗin, harafi bayan harafi, ya ga sun yi daidai da na fasfo kafin ya bar ofishinsu.