Sharhi kan Packet Tracer: tana nuna inda saƙo ya maƙale, amma ba ta koyar da aikin hannu

Duk mai son fahimtar yadda kwamfutoci ke aika wa juna saƙo, kuma ba shi da kuɗin sayen rawuta (na'urar da ke haɗa yanki da yanki) da suwici (mai haɗa kwamfutocin yanki ɗaya) na gwaji, Packet Tracer ce mafi sauƙi a gare shi. Manhaja ce ta kamfanin Cisco, ana sauke ta kyauta bayan yin rajista a makarantarsu ta intanet, Networking Academy, wadda aka kafa a 1997. Tana aiki a Windows da macOS da Ubuntu, kuma ba ta neman kwamfuta mai ƙarfi. Na yi amfani da ita tun daga haɗa kwamfuta biyu har zuwa haɗa rawuta da rawuta.

Darajarta tana cikin maɓallin Simulation da ke ƙasa ta hannun dama. Ɗauko rawuta 2911 ɗaya, suwici 2960 biyu, da kwamfutoci. Ba kwamfutar farko adireshi 192.168.1.10, ta ɗaya ɓangaren kuma 192.168.2.10, dukansu da 255.255.255.0, lambar da ke nufin kashi uku na farkon adireshin sunan yanki ne, na ƙarshe kuma na na'ura, wato yankin zai ɗauki na'ura 254. Bakunan rawuta biyu, wato inda ake soka waya, su zama 192.168.1.1 da 192.168.2.1, kowace kwamfuta kuma ka sa mata adireshin bakin da ke ɓangarenta a gurbin ƙofar fita (default gateway). Sai ka tura ping, saƙon gwaji da ke neman amsa daga ɗaya kwamfutar. Saƙon zai bayyana a matsayin ambulan, yana tafiya taki ɗaya duk lokacin da ka danna.

Ambulan ɗin ping ba ya fara motsi. Wani ne yake riga shi fita, na ARP, mai tambayar lambar MAC, wato lambar da kowane bakin na'ura ke zuwa da ita, saboda kwamfutar ta san adireshin IP na rawuta amma ba ta san lambar MAC ɗinta ba, suwici kuwa da MAC yake aiki. Suwici zai watsa tambayar ta kowane baki ban da wanda ta shigo, na'urorin da ba su ake nema ba su yar da ita, rawuta ce kaɗai za ta amsa. In ka danna ambulan, manhajar za ta buɗe matakai bakwai na OSI, tsarin da ke kasa aikin aika saƙo hawa-hawa, ta faɗi abin da aka yi a kowanne. A nan ɗalibi zai gani da idonsa cewa adireshin IP ba ya canzawa daga farko zuwa ƙarshe, MAC kuwa rawuta tana sauya shi. Zai kuma ga lambar TTL ta amsar, wadda kowace rawuta ke rage wa ɗaya, ta dawo 127 maimakon 128, shaidar cewa saƙon ya ratsa rawuta ɗaya. Bayanin da ake kwashe awa ana zanawa a allo, nan minti biyar ya wadatar.

Kurakuran da mai koyo zai ci karo da su ma na gaske ne. Bakin rawuta a kashe yake zuwa, don haka alamar waya za ta zauna ja har sai ka rubuta no shutdown. In ka bar gurbin ƙofar fita babu komai, ping zai yi aiki tsakanin kwamfutocin yanki ɗaya, amma ba zai tsallaka ba, domin kwamfutar ba ta san wa za ta miƙa wa saƙon da ba na yankinta ba. Alamar suwici mai ruwan lemo ba lalacewa ba ce. Daƙiƙa kusan 30 yake yi yana tabbatar da cewa babu wayar da ta zagayo ta dawo masa. Ping na farko da ya ratsa rawuta yakan rasa amsa ɗaya cikin huɗu, lokacin ne ARP ya cinye. Adireshin da ya fara da 169.254 kuwa yana nufin kwamfutar ta nemi DHCP, tsarin da ke raba wa na'urori adireshi, ba ta samu ba, ta ba kanta. Sannan akwai wanda ya fi ciwo: kafin ka ƙara wa rawuta katin ƙarin bakuna sai ka kashe ta, in ba ka riga ka rubuta copy running-config startup-config, umarnin adana saiti, ba, duk saitin ya tafi. Haka za a yi da rawutar gaske ranar da aka ɗauke wuta, gara mutum ya koyi darasin a nan.

Inda ta gaza ba ƙarami ba ne. Kwaikwayon tsarin Cisco take yi, ba shi kansa ba ne, shi ya sa wasu umarnin da ke cikin littattafai za ta ƙi karɓa. Mai nisa a karatu zai koma manhajojin GNS3 ko EVE-NG, masu gudanar da ainihin tsarin, waɗanda ke cin ƙwaƙwalwar kwamfuta sosai. Fayil ɗin da aka yi da sabon zubin Packet Tracer sau da yawa ba ya buɗuwa a tsoho, to malami da ɗalibai su daidaita zubinsu tun farko. Tana kuma neman a shiga da asusu, abin da ke wahalar da mai ƙarancin data, kodayake akwai zaɓin zama a ciki na wata uku.

Babban giɓin shi ne wayar haɗa na'urori. A cikin manhajar, waya ba ta taɓa tsinkewa, kanta ba ya sassautawa, alhali a ofis da shagon intanet nan ne ake yawan samun matsala. Har yanzu tana tilasta waya mai musayar layi (crossover) tsakanin kwamfuta da kwamfuta, yayin da na'urorin yau suke gyara hakan da kansu. Ba za ta koya maka jera layuka takwas na cikin waya bisa tsarin launuka na T568B ba: fari da lemo, lemo, fari da kore, shuɗi, fari da shuɗi, kore, fari da ruwan ƙasa, ruwan ƙasa. Ba za ta nuna maka cewa gudun megabit 100 layuka huɗu kawai yake amfani da su ba, na 1 da 2 da 3 da 6, gigabit kuwa duka takwas, don haka layi ɗaya mara kyau yana iya mayar da haɗin gigabit zuwa 100 ba tare da intanet ya yanke ba. Mai koyo ya haɗa manhajar da abin matse kai, kawunan waya na RJ45, na'urar gwajin waya da 'yan mitoci na wayar Cat6, ya kuma riƙe cewa tsawon waya ɗaya kada ya wuce mita 100.