Sharhi kan Primolut N: ya jinkirta mini al'ada, amma ba kowace mace ce ta dace da shi ba

Primolut N, wanda kamfanin Bayer ke sarrafawa, yana cikin magungunan da ake yawan ambata a tsakanin mata maniyyata. Sinadarin da ke cikinsa shi ne norethisterone, miligiram 5 a kowace ƙwaya. Na yi amfani da shi a lokacin aikin Hajji, domin lissafina ya nuna al'adata za ta faɗo a kwanakin Mina, alhali mai haila ba ta yin ɗawafi, jirgin komawa gida kuma ba ya jiran kowa.

Ta fuskar aiki ba ni da ƙorafi. Likitar mata ta umarce ni da in fara sha kwana 3 kafin ranar da nake sa ran ganin jini, ƙwaya ɗaya sau 3 a rana, kuma jinin bai zo ba sai bayan na daina. Wahalarsa ita ce kiyaye lokaci, musamman a daren Muzdalifa inda gajiya ke sa mutum ya manta da komai, saboda jinkirta ƙwaya yana iya jawo ɗigon jini. Na kuma yi fama da kumburin ciki da nauyin nono, amma ba su hana ni ibada ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne tambayoyin da likitar ta yi kafin ta rubuta maganin. Ta auna hawan jinina da nauyina, ta tabbatar ba ni da juna biyu, sannan ta ce, "Hajiya, ko jini ya taɓa daskare miki a jijiyar ƙafa ko a huhu, ke ko wani a danginku?" Ta bayyana mini cewa jiki yana mayar da wani kaso na sinadarin norethisterone ya zama estrogen, wato sinadarin hormone na mata, wanda ke ƙara haɗarin daskarewar jini, kuma doguwar tafiyar jirgi da ƙarancin ruwa a jiki saboda zafin Makka suna ƙara wannan haɗari. Don haka macen da ta taɓa samun wannan matsala, ko bugun zuciya, ko shanyewar ɓarin jiki, ko sankarar mama, ko ciwon hanta mai tsanani, ko zubar jinin da ba a gano dalilinsa ba, bai halatta ta sha shi ba a likitance. Mai ƙiba sosai, da mai shan taba, da mai ciwon ɓarin kai, sai an duba lamarinsu da kyau tukuna. Haka kuma ba maganin hana ɗaukar ciki ba ne idan aka sha shi ta wannan hanya.

Shi ya sa raina ya ɓaci da na ga mata a masaukinmu suna miƙa wa juna ƙwayoyin daga jaka, babu mai tambayar tarihin lafiyar 'yar'uwarta, wasu ma daga kemis suka saya ba tare da takardar likita ba. Ga wadda norethisterone bai dace da ita ba, likitoci kan duba yiwuwar ba ta wani maganin daban mai suna medroxyprogesterone. Wadda aka hana ta duka biyun kuwa, Hajjinta bai lalace ba, domin Nana A'isha ta ga al'adarta a Hajjin Bankwana, Manzon Allah (SAW) ya umarce ta da ta yi duk abin da alhazai ke yi ban da ɗawafi har sai ta yi tsarki.